Mota da Igiyarta

Shekarar da na fara koyarwa na raka kawuna garin Gaya sayen tsohuwar mota. Shi tun tasowarsa shanu ya sani. Ya zagaya ta, ya bubbuga gefenta, bai ko ce a tayar da ita ba. Da dillali ya sallama, sai Kawu ya ce, "Ina igiyarta? Ba a sayar da dabba a riƙe igiya."

Kunya kamar in nutse. Na ce, "Kawu, mota ce fa."

Dillalin yana dariya ya miƙo masa igiyar guga.

Ba mu kai Toranke ba ta mutu murus. Bijimai biyu suka ja mu gida. Kawu na hakimce a baya ya ce, "Malam, da bokonka za mu ɗaure ta?"