Jinin Jarirai Masu Lafiya

Mai Kwalabe muke ce mata, kuma ba don yabo muka laƙaba mata sunan ba. Ni ungozoma ce a ɗakin haihuwa, ita ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, gajeruwar mace mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Jariri na faɗowa, kafin ki gama ɗaure cibiya, sai ki ji muryarta a bayanki: "Ƙanwata, a taimaka min da na cibiyar." Kwalba biyu take cikawa, ɗaya jinin uwa, ɗaya jinin cibiya, kuma tun wajen awo ta riga ta zauna da matar ta nemi yardarta. Shekara tara tana wannan aiki. Na sha daka mata tsawa kan ta tare min hanya, Allah ya yafe min.

Sai da muka saba ta gaya min dalili. Ɗanta na fari kwana huɗu ya yi a duniya. Ya ƙi kama nono, ya riƙa nishi, jikinsa ya ɗau zafi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Dangin miji suka ce nononta ne ba shi da kyau, ita ma ta yarda, ta yi shekaru tana zargin kanta. Daga baya ta samu aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji, ta yi karatu har ta samu takarda, a nan ta ji labarin wata ƙwayar cuta da muke kira sitireb. Tana zaune a jikin mata da yawa ba ta yi musu komai, sai jariri ya kwaso ta wajen fitowa. Uwa kan ba ɗanta garkuwar jikinta ta cibiya tun yana ciki, wani ya samu da yawa ya tsira, wani ya samu kaɗan. To nawa ne ya isa? Shi masu bincike ke son sani don su haɗa allurar rigakafi ga masu ciki, kuma saboda shi take tara kwalabe.

Ranar haihuwa ba wanda ya san jaririn da zai kamu, dole a ɗebi na kowa a sa a firiza. Wanda ya kamu daga baya sai ta liƙa wa kwalbarsa jar alama, sauran kuma kore. Jajaye talatin da ɗaya ne, korayen sun haura dubu huɗu.

Sai aka kawo mana sabon shugaban sashen gwaji, mutum mai son tsari, ko biro ba ya bari a karkace a teburinsa. Sababbin kayan gwaji suka iso, babu wurin ajiya. Ranar hutunta ya buɗe firizar, ya tambayi ma'anar alamun, aka gaya masa. Nan take ya ce a bar jajayen, a kai korayen wurin ƙona shara. Lambar wayarta na manne a ƙofar firizar, da manyan haruffa. Bai kira ba! Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina wurin lokacin da ta dawo. Ta buɗe, ta ga ɗan kwali ɗaya a lungu, ta daɗe a tsaye sanyi na dukan fuskarta. Na bi ta ofishinsa don ina tsoron kada ta faɗi.

"Ranka ya daɗe, ina korayen?"

"Baba, kwantar da hankalinki," in ji shi, har da murmushi. "Masu muhimmancin na nan, ko ɗaya ban taɓa ba. Waɗancan ai yaran lafiyarsu ƙalau. Me za ki nema a jinin mai lafiya?"

"Da me zan gwada jajayen? Abin da masu lafiyar suka samu daga uwayensu nake nema. Shi ne nawa bai samu ba."

Ya gyara zaman biro, sannan ya ce ai da ta rubuta masa bayani a takarda. Wallahi ni na so in yi magana, ita ta riƙe min hannu muka fito. Babu wanda ya tuhume shi, a taron wata ma yaba masa aka yi kan ya gyara ɗakin gwaji.

Da safe ina karɓar haihuwa na ji motsi a bayana. Ban jira ta roƙa ba, na matsa na riƙe mata cibiyar da kaina. Ta cika kwalbar, ta ciro biro ta rubuta lamba ɗaya. Wata bakwai ya rage mata ta yi ritaya.