Amsar da na taƙaita wa Kawu Malam Seidu

Bana shekara hamsin ke nan da muka kai Kawu Malam Seidu makwancinsa. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma a zaurensa na unguwar Aboabo mutane ke kawo rigimar gado da ta iyakar fili. Waɗanda suka yi karatu a gabansa sun fi ni cancantar rubuta wannan. Ni ɗan bokon da na yi bai wuce ya sa ni aikin tafinta a ofishin Disi, Baturen da ke mulkin gundumarmu, ba, zamanin Turawa.

Kawu ba ya ba da amsa a tsaye. Sai ka zauna, ya tambaye ka wane ne, ina abokin rigimar, sannan ya buɗe littafi. Lokacin ina ganin ɓata lokaci ne.

Wata rana Disi ya aike ni da tambaya: shaidu nawa shari'ar Musulunci ke nema a kan dukiya? Kawu ya ce shaidu biyu, amma idan ɗaya ne amintacce, mai ƙara ya rantse, a nan ma ana yanke hukunci. Ya kawo sharuɗɗa, ya ce in maimaita masa. Na maimaita. Da na koma ofis, na san Bature ba ya son dogon bayani, ni kuma ina son a ce yaron nan kaifi gare shi. Na rubuta masa: shaidu biyu. Aka buga hatimi.

Ban san akwai mace a bayan tambayar ba. Mma Azara ce, mai sayar da koko a unguwar Changli. Mijinta ya ba ta ɗaki kyauta kafin ya rasu, a gaban liman ɗaya, danginsa suka ce ba su san zancen ba. Da takardata aka fitar da ita.

Kawu ya taka da ƙafa har ofis. Ni na fassara masa. Disi ya ce an riga an rufe shari'a. Kawu bai ambaci sunana ba, ya ce laifinsa ne da ya ba da amsa a baki. A hanyar komawa ya ce mini, "Issaka, rabin maganar da ka bari a hanya, ɗakin wata ne." Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya. Ya ba Mma Azara ɗaki a gidansa, kuma daga ranar duk amsar da zai aika wa hukuma da hannunsa yake rubutawa da ajami.

Yanzu nakan ji ana bugo waya gidan rediyo, a yi tambayar gado, a amsa kafin a sa talla. Ba na jin Kawu zai zagi kowa. Zai dai tambaya ina ɗaya ɓangaren yake.

Littattafansa gara ta ci wasu, zauren ya zama shagon gyaran babur. Jikokin Mma Azara kuwa har yau a gidan suke, suna gaishe ni da Baba. Makon jiya na tara su na gaya musu wanda ya rubuta takardar.