Ruwan da Kaka Ta Surka

Yaran yanzu in na ce musu na haihu na yi kwanaki ban kalli fuskar ɗana ba, sai su ɗauka sharar ƙarya nake yi. To haka aka yi. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba a kallonsa, ba a ambatonsa, ba a nuna an san da zamansa. In ya yi kuka ki juya fuska ga bango. In aka miƙo miki shi ki karɓa kamar an ba ki ajiyar maƙwabta. Ni da aka sani da baki tun ina yarinya, wannan kunyar ta fi naƙudar wahalar da ni.

Zamanin Nasara ne, lokacin da mazanmu ke ɗora gyaɗa a jakuna su kai tashar jirgin ƙasa. Na koma gidan iyayena haihuwa, wani ƙauye a bakin fadama kusa da Auyo. Shekarar kogi ya kawo ba na wasa ba, ya shanye hanya, ko itacen jegon da mijina ya aiko a kwalekwale aka kawo shi, rabinsa a jiƙe.

Wankan jaririn a hannun Kaka yake, mahaifiyar Innata. Ba wani jariri a unguwarmu da ba ita ta fara zuba masa ruwa ba. Sana'arta bandar kifi, kuma muna yara har gori muke yi wa 'yan wasu gidaje da hannunta, don takan juya tarwaɗa a kan wuta ba tsinke, ta ɗauki garwashi da yatsu ta kai wa maƙwabciya. Ni da ita kullum cikin tsokana muke. Tana kirana uwar surutu, ni kuma in ce mata tsohuwa mai warin hayaƙi.

Safe da yamma ake wankan. Ni a kai ni bayan zana a fyaɗe ni da ganye da tafasasshen ruwa har sai na ga taurari. Ita kuma Kaka ta ɗebi ruwa daga tukunyar jegon nan ta zuba a masaki, ta surka da na randa, ta tsoma hannu ta ce, “Ya yi.” Daga nan ba mai taɓa mata ruwa. Kawuna ya taɓa kawo sabulun kanti daga Haɗeja, ta shinshina ta ajiye, ta ce ba za ta wanke mijinta da abin da ke warin Nasara ba. Mijinta take kiran jaririn. Sabulun salo da soso mai laushi, su ke nan kayan aikinta.

Da ta fara zuba masa ruwa sai ya tsandara kuka. Na ji kukan ƙannena suna jarirai, na ji na 'ya'yan maƙwabta, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Kuka ne da yake shiɗewa a tsakiyarsa, a yi shiru har gabana ya faɗi, sannan ya dawo da ƙarfi. Matan da suka zo barka sai dariya, wai an haifi ladan. Kaka ta ce mijinta ne yake nuna wa gari ya iso. Ni kuwa ina kwance fuskata a bango, ina cizon bakin zanena, tsoro ya cika ni, kuma ba ni da ikon tambaya.

A farko ba a ba ni shi ba. A lokacin ba a yarda jariri ya sha dakashi, wato nonon farko, sai a riƙa ɗura masa madarar akuya har nono ya wanke. Ranar da aka ɗora mini shi a cinya, Inna ta fita duba kunun kanwa, ɗakin ya rage daga ni sai shi. Na saurara ban ji takun kowa ba. Sai na buɗe tsumman. Allah ya sani fuskarsa kawai na so gani. Amma hannuna ya shafi bayansa, na ji wani abu ya taso. Na juya shi. Bororo ne a jere daga kafaɗa zuwa ƙugu, wani ya fashe, fatar ta saluɓe. Na yi maza na mayar da tsumman.

Da Inna ta dawo na rasa ta inda zan fara, tun da ba zan iya cewa ɗana ba. Na ce, “Inna, yaron nan naku, a duba bayansa.”

Ta ajiye ƙwaryar kunun ta dube ni. Ta ce, “Tun yaushe kika fara duba bayansa? Saɓa ce, kowane jariri yana yi. Ki rufe mini baki kada a ji, a ce ban yi miki tarbiyya ba.”

Ko kallon wurin ba ta yi ba. Ba don mugunta ba. Ita dai a wurinta abin da ya fito daga hannun mahaifiyarta ba ya buƙatar dubawa.

Wunin nan kunun ma ban sha ba. Ina jin ana hura wutar yamma. Da la'asar aka yi mini nawa wankan, na fito daga bayan zana ina tururi. Tsakar gida cike da 'yan barka a kan tabarmi. Kaka na zaune a 'yar kujerarta, ta riga ta surka ruwa, tana warware masa tsumma. Hanyar ɗakina ta gefen masakin take. Na sunkuya kamar zan gyara zane, na tsoma yatsa.

Ba zan ƙara gishiri ba, bai kai zafin nawa ruwan ba. Amma ni babba, wadda yanzun nan aka gama dafawa, ban iya barin yatsana a ciki ba. Wannan ruwan ake zuba wa ɗan tayin nan safe da yamma.

Ban san lokacin da na sunkuce shi daga cinyarta ba. Na rungume shi a ƙirji a gaban kowa. Wata tsohuwa ta kama haɓa ta ce yau ga 'yar zamani. Kaka ta miƙo hannu tana murmushi, ta ɗauka tsokanar da muka saba ce.

Ta ce, “Ba ni mijina, uwar surutu. Ruwa zai huce.”

Na ce, “Gara ya huce, Kaka. Ƙona shi kike yi.”

Murmushin ya gushe. Ta ce, “Ni na wanke uwarki, na wanke ki. Yau ke za ki koya mini surki?” Ta cusa hannu cikin masakin har wuyan hannu, ta bar shi a ciki, idonta a kaina. “Ina zafin?”

Inna ta taso daga bakin murhu, na kuma san mari ta taho da shi. Amma sai ta fara tsoma hannu a ruwan, don ta kunyata ni da hujja kafin ta mare ni. Ta fizge hannun ta kai shi baki. Ta yi salati a hankali. Ta karɓi yaron daga wurina, ta juya bayansa ga haske, kowa ya gani. Har lokacin hannun Kaka na cikin ruwa.

Ta zaro shi tana dubawa. Ya yi jawur. Ta miƙe ta nufi murhu, ta ɗora tafinta a jikin tukunyar jegon da ke kan wuta. Muna kallo kamar an ɗaure mu. Sai da Inna ta miƙa mini yaron ta ruga ta janye ta. Tafin ya yi fari, fatar ta tattare.

Inna, da take kiranta Iya, ta ce, “Iya, ba ki ji ba?”

Kaka ta ce, “Ban ji komai ba.”

Wallahi na fi son ta zage ni. Na fi son a ce ni ce marar kunya, ruwan kuma lafiyarsa lau. Tsohuwar da muke gori da hannunta, ashe ba jarumta ba ce, hannun ne ya mutu, ba wanda ya san tun yaushe, har ita mai shi.

'Yan barka suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai matar wani masunci da jikarta ta rasu da farkon damina, tun ba a yi suna ba. Ita ce ta fita ba sallama. Kaka ta bi ta da ido har ta ɓace a zaure, sannan ta juyo ga Inna.

Ta ce, “Yarinyar gidansu ni na wanke ta. Ita ma haka ta riƙa kuka.”

Inna ta ce, “Kwananta ne ya ƙare, Iya.”

Ta faɗa ne tana kallon ƙasa. Har yau ban san gaskiyar abin ba, kuma ba wanda ya sani sai Allah.

Bayan ruwa ya janye kawuna ya kai ta asibitin En'e a Haɗeja. Malamin asibiti ya sa ta rufe ido, ya yi ta tsira mata allura a yatsu tana zaune tana jiran ya fara. Ya faɗi sunan ciwon, wanda a gidanmu ba a taɓa maimaita shi ba. Amma wannan daga baya ne.

A yammacin ranar dai dole a yi wanka, don ba a barin jariri ya kwana ba a wanke shi ba. Inna ta shafa wa hannun Kaka man shanu ta naɗe da tsumma. Ta zubar da ruwan masakin ta ɗebo wani. Ni na surka, na yi ta ƙara na randa ina gwadawa da gwiwar hannu, ba wanda ya ce mini in koma ɗaki. Inna ta zauna a kujerar Kaka ta ɗauki soso. Kaka kuwa ta koma ƙofar ɗakinta ta zauna ta ba mu baya.

Yaron ya ɗan motsa da ruwa ya taɓa bororon, ya yi ƙara kaɗan, sai ya lafa. Ya saki ƙafafunsa. Ba ka jin komai a gidan sai zubar ruwa a masaki. Inna ta goge shi ta naɗe, ta miƙo mini.

Can sai Kaka ta yi magana ba ta juyo ba. Ta ce, “Ku fara mana, rana za ta faɗi.”

Inna ta ce, “An gama, Iya.”

Sai Kaka ta ce, “Ban ji kukansa ba.”