Robar Kitson da Na Ɗaura wa Haƙoran Jikata

Abin ya faru ne shekarar da kogi ya cika har ya shiga gidajen mutane, bayan cutar nan da ta sa aka rufe masallatai, kafin maigidana ya kwanta ciwon ajali. A lokacin ni ce mai kitson da ake ji da ita a unguwar Lazaret, nan Yamai. Ban taɓa taka lakkol ba, ban yi boko ba, amma tun daga unguwar Yantala mata ke shiga taksi su zo su ɗora kai a cinyata, don ni in na ja kitso sai ya yi wata bai tashi ba. Abu biyu nake taƙama da su a duniya: hannuna, da wushiryata wadda samarin Damagaram suka yi ta zance a kanta ina budurwa.

Jikata, da na riƙe tun yaye, ta gado wushiryar, sai dai haƙoranta na gefe sun hau juna. Ubanta ya kai ta wurin wata likitar haƙori, aka ɗaura mata ƙarfe, aka ce sai ta shekara biyu da shi, kuma wushiryar za a rufe daga ƙarshe. Na ji zafin a ce za a toshe adon da Allah ya ba mu, yarinya ta yi dariya ta ce zamanina ya wuce. Ita damuwarta ɗaya: ta kusa gama jami'a, ba ta so ta tsaya gaban malamai ranar jarrabawar ƙarshe bakinta kamar shingen waya.

Sai girman kai ya taso mini. Na ce mata in dai ja ne, wa ya fi ni a Yamai? Na ɗauki 'yar robar nan da muke ɗaure bakin kitso, na zagaye haƙoranta biyu na gaba, can saman ƙarfen kusa da dasashi, don kada ubanta ya gani. Da gari ya waye babu roba. Muka ce haɗiye ta ta yi cikin barci, muka sha dariya, na sa wata. Ita ma ta ɓace, na ƙara. Ba a daɗe ba wushirya ta haɗe tsaf. Har maƙwabciyata Bazabarmiya na kira ta zo ta ga aikin da ya gagari mai boko.

Daga nan dasashi ya kumbura, baki ya soma wari, haƙoran biyu suka zazzago kamar na zomo. Ranar da ta gatsi burodi na ga suna rawa, sai na ja ta muka garzaya wurin likitar.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta yi allura, ta tsaga dasashin, ta zaro robobina duka, ko tsinkewa ba su yi ba. Ashe haƙori tsukewa yake yi ta sama kamar karas, roba ta yi ta hawa tana cin ƙashi. Sai ta haska mini hoton cikin bakin. Jama'a, abin da muke gani na haƙori kaɗan ne, saiwarsa ta fi shi tsawo! Ta ce haƙori tafiya yake yi a cikin ƙashi: in an tura shi a hankali, ƙashin gabansa ya narke ya ba shi hanya, na bayansa ya ginu ya cike gurbi. In aka matsa, masu rushewa su tsere wa masu gini. Na tsaya ina ta subhanallahi. Tsawon raina ina tauna goro, ban san akwai magina a bakina ba, suna aiki shiru, ba mai biyan su.

Allah ya taimaka haƙoran suka tsaya, amma da aka cire robar sai suka koma inda suke. Likita ta ce ba za ta sake matsa su ba har abada, ƙashin da ya rage ba zai ɗauka ba.

'Yan'uwa mata, duk wadda 'yarta ke da ƙarfe a baki, ta bar wa likita lokacinta. Gashi in ka ja shi ya tsinke, wani zai fito. Haƙorin babba ba ya sake tsirowa.

Maigidana ya rasu, maƙwabciyata ma ta bi shi bara. Cikin waɗanda suka san zancen, saura ni, da likitar, da uban yarinyar, da ita jikar tawa da ke rubuta muku wannan. Ina faɗa tana murmushi, ina hango wushiryata a bakinta, wadda ba ta so ba, kuma ni na bar mata ita.