Hannun Daman Delu

Delu 'yar Gaffati ce. Ta shigo Damagaram a shekarar 1951, bayan rasuwar mijinta Nomau, ta kafa tukunya a bakin ma'aunin gyaɗa da ke Zango, inda nake magatakarda. Shinkafa take dafawa. Direbobin manyan motoci suka koya mata zuba kifin gwangwani a kai, sai layi ya dawo wurinta.

Wanda ya ƙera gwangwanin nan bai taɓa tsayawa gaban murhu ba. Mabuɗin liƙe yake a gindi, sai an ɓamɓare shi da wuƙa. Ɗan harshen murfin da ake naɗewa a kan mabuɗin bai kai farce ba, kuma kafin kaya su iso mana ya yi tsatsa. Ana murɗawa sau uku mabuɗin ya tsinke. Na rubuta a littafina: cikin gwangwani arba'in da ta buɗe a gabana, sha bakwai sun tsinke. Delu tana tara karyayyun mabuɗan a wani tsohon gwangwanin madara.

"Malam, ka rubuta musu," in ji ta. "Ka tambaye su ko matansu da haƙori suke buɗewa."

Na rubuta wa kamfanin sau biyu. Amsa ɗaya ta zo, wai an buga bayani a jikin gwangwanin. Da Faransanci.

Ran 9 ga Janairu 1958, mutane na jira, mabuɗi ya tsinke, ta sa wuƙa. Murfin ya zame ya yanke mata jijiyar babban yatsa na hannun dama. Lokotoro ya ɗinke a asibiti, amma yatsan bai ƙara lanƙwasawa ba. Ludayi ma faɗuwa yake yi.

Ta koma zuba abinci da hagu. Tana tallafe kwanon da dama tana ba da haƙuri, amma kowa ya ga hannun da ya zuba.

"Inna Delu," in ji Alkasum direba, "mu ne yau ake ba da hagu?"

"Kai ka kawo mini kifin nan, ɗan nema. Karɓi ka ci."

Bai karɓa ba. Ya wuce wurin Lubabatu mai ɗanwake, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ni na ci gaba da ci, amma cikin magatakarda ɗaya ba ya riƙe tukunya.

Ta sauke murhu a watan Agusta 1960, makon da ake ta kiɗan samun 'yanci. Da za ta hau motar Gaffati ta miƙo mini gwangwanin mabuɗan, da hagu, ba ta ce in yi haƙuri ba.

Na ƙirga su, ɗari biyu da shida. Na kai wa Mutari maƙeri ya liƙe bakin da dalma ta ko'ina, na aika wa kamfanin ta gidan waya. Bayanin yadda ake buɗewa na rubuta a jikinsa, da ajami.