Iri Huɗu a Goyon Masara Ɗaya

A gidanmu na kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Minna, da an idar da magariba Kaka kan zauna bakin murhu ta yi mana tatsuniya. Ranar da nake tunawa, ba wanda ya matso sai ni.

Baba ya shuka wani iri da ya samo a Zungeru, jar masara sumul. Yana bakin aiki muka girbe, ni aka sa na ɓare na ɗure a buhu. Abokinsa na Gwada da ya ɗiba don iri ya dawo da ita, wai an yi masa gauraye: ga fara, ga motsattsiya. Baba ya ce ni na haɗa da wata masarar, in ban faɗi gaskiya ba kafin isha'i, zan sha dorina. Ni kuwa ko kallon idonsa ba na iya yi.

"Matso, angona," in ji Kaka. "Ga wata ta iso." Ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga tabarmarsa.

Wai wata mace ce, uwarta ja ce sumul, ubanta fari mai yamutsattsiyar fata. Ta ɗauko kamar uwarta, amma ta ɓoye gadon ubanta a tukwane biyu: launi a ɗaya, fata a ɗaya. Ta auri mai irin tarihinta. Duk ɗan da za su haifa sai ya laluba tukunyar launi, ya laluba ta fata, ido rufe. Abin da ya damƙo da shi zai fito: ja ko fari, sumul ko yamutsattse.

"Inna, ba wasa nake yi ba," in ji Baba.

"Ni ma haka, mai jirgi."

Ta ciro goyon masara guda na wannan girbin da ta rataye a hayaƙi, ta miƙa masa. Jajaye sumul sun fi yawa, ga jajaye motsattsu, ga farare sumul, ga farare motsattsu jefi-jefi.

"Wannan ma angona ne ya liƙa su?" in ji Kaka.

Baba ya daɗe yana juya masarar. Aka kira isha'i, ya ajiye dorinar ya fita.

Sai a sakandare malami ya rubuta mana rabon waɗannan iri huɗun a allo: tara, uku, uku, ɗaya, domin kowane hali da hanyarsa yake bi. Na kwafa a tsanake. Amma abin da ya zauna mini shi ne, Kaka ba ta taɓa tambayata ko na aikata ba. Ta san ko ina da gaskiya bakina ba zai buɗe ba, sai ta nemo mini shaidar da ba ta jin tsoron Baba.