Dam Iri Biyu Ne

A Unguwar Maiwada, can bayan Bakori, idan mutum ya cika bin diddigi sai a ce masa, "Kai kuma yaushe ka zama Baƙo?" Ba yabo ba ne. Baƙo mutum ne da in ya sayi buhun taki sai ya zura hannu har gwiwa, ya ga ko yashi aka ɗura a ƙasa. In mai shayi ya miƙo masa kofi da fara'a, fara'ar ce za ta sa ya leƙa cikin kofin. Kulu matarsa ta ce shekara arba'in suna tare, amma har yau in ta ajiye masa tuwo sai ya juya kwanon ya dubi ɗaya gefen. Ba ta san abin da yake nema ba, kuma ba ta jin shi ma ya sani.

Ba haka aka haife shi ba. Ɗan gidan Maguzawa ne, manoma tun kaka da kakanni, kuma ubansa ya bar musu fadama mai baƙar ƙasa, shi da ƙanensa wanda ya musulunta daga baya ya zama Jibril. Baƙo bai bi shi ba, bai kuma hana shi ba. Gandunsu ɗaya, ba a taɓa ja masa iyaka a tsakiya ba. Rake a gindin rafi, albasa da attarugu daga sama, da abin nan aka ciyar da gida biyu.

Yana saurayi ya bi 'yan ci-rani zuwa Jos haƙar kuza da niyyar wata huɗu, ya yi shekara goma sha ɗaya. Can ne ya gamu da injin da leburori ke ce wa Dogon Wuya. Baƙo ne mai shafa masa giris, daga safe har yamma yana hawa yana sauka da gwangwani a hannu. In Baƙo ya tashi ba da labarin injin nan, har muryarsa sauyawa take yi. Ya ce jikinsa ya fi masallacin Juma'a girma, wuyansa kuma in an kwantar da shi zai haye kasuwar Bakori. A ƙarshen wuyan akwai guga na ƙarfe da ake wurgawa da igiyoyin waya, a jawo shi yana kankare ƙasa, kuma abin da yake ɗiba a jefa ɗaya ya fi ƙarfin tifa. Ba shi da taya. Takalma ne da shi guda biyu, kowanne tsawon zaure, ya dafa su ya ɗaga jikinsa ya ja, kuma da baya yake tafiya, yana ci yana ja da baya, ramin yana binsa.

Nan ne ake fashewa da dariya. Injin da ke sa takalmi, yana tafiya da baya! Shekara da shekaru matasa na tsokanarsa, "Baba Baƙo, lamba nawa yake sawa?" Abin haushin ke nan: mutumin da bai yarda da kowa ba, shi ma ba wanda ya yarda da labari ɗaya tak da yake da shi, alhali gaskiya yake faɗa.

Bara waccan, bayan an gama girbi, wata farar mota ta fara zuwa fadama. Mutum uku ne, shugabansu wani Injiniya Mahadi, mai ladabi, mai gaisuwa har ƙasa. Mutane suka ce masu duba ruwa ne. Baƙo yana cikin rakensa yana kallonsu ta tsakanin ganye, har kwana uku. Mai duba ruwa, a saninsa, gangare yake kallo, ya bi rafi ya ga inda ya tsuke. Waɗannan ko ɗaga kai ba su yi. Ɗaya daga cikinsu ya tsuguna a bakin ruwa da tasa, ya ɗebi yashi yana jujjuyawa yana zubar da na sama, sannan ya ƙura wa abin da ya kwanta a gindin tasar ido. Baƙo ya san wannan juyin hannu. Irin na masu neman kuza ne. Ya koma gida bai ko ɗauki fartanyarsa ba.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Injiniya Mahadi ya yi bayani a tsanake. Akwai wani ɗan ma'adini a ƙarƙashin fadamar, kamfaninsu na da izini, za su kwashe cikin shekara biyu, za a ba kowa diyya. Sannan ya faɗi kalmar da ta gama da taron.

"In mun gama kuma, za mu bar maku dam."

Wuri ya ɗauki guna-gunin murna. Kowa a nan ya san dam. Sun ga garuruwan da aka tare wa ruwa, yadda suke noman rani har Afrilu, tumatir kwando-kwando, matasa ba su zuwa ko'ina. Rafinsu kuwa kafin ƙarshen Fabrairu ya zama yashi. Wani dattijo har ya fara sa albarka.

Baƙo ya yi gyaran murya. Wasu suka fara murmushi tun bai buɗe baki ba.

"Injiniya, dam wane iri?"

"Dam dai, Baba. Ruwa."

"Ai iri biyu ne. Akwai wanda ake gina wa bango a tare ruwa, ya bi ta magudana ya zo maka gona. Akwai kuma ramin da inji ke bari, ruwa ya taru ciki don kanshi. Can Jos shi ma dam muke ce mashi. Na bar su sun fi ashirin a bayana. Gefensu a tsaye yake, saniya in ta zame ba ta fitowa, mutum ma haka. Wanne ne namu?"

Injiniyan bai daburce ba. Ya yi murmushi ya ce zamani ya sauya, yanzu akwai doka, ana gyara wuri kafin a tashi.

"To. Ƙasar sama fa, baƙar, ina za ku zuba ta?"

"A gefe, Baba."

"Jar da ke ƙarƙashinta fa?"

"Ita ma a gefe."

"Gefe ɗaya ko gefe biyu?"

Aka tuntsire da dariya. Mai unguwa ya ce, "Baƙo, a bar baƙi su sha ruwa mana." Wani daga baya ya ce a tambayi Injiniya ko injinsa na sa takalmi. Baƙo ya lura da abu ɗaya a cikin hayaniyar nan: mutumin bai amsa ba, ya dai taya su dariya.

Washegari da hantsi Jibril ya same shi a fadama yana ɗaurin rake. Shi Jibril ba wawa ba ne, kuma ba maƙetaci ba. 'Ya'yansa maza uku duk suna Kaduna suna acaɓa, yana so su dawo.

"Yaya, in akwai ruwa, yaran nan za su zauna gida. Kai komi sai ka ga baƙinshi. Taki ka ce yashi ne, allurar shanu ka ce ruwa ce. Sau nawa zarginka ya zama gaskiya?"

"Ba sau da yawa ba," in ji Baƙo. "Amma wanga na san shi."

Ya zauna a kan kunya, ya ba ƙanensa labarin da bai taɓa haɗawa da na takalmi ba. Akwai wata mata 'yar ƙasar can, mai gonar acca a gaban ramin da suke ci. An ba mijinta diyya, an ce za a mayar musu da ƙasa in an gama. Ranar da gugan ya iso gonarta ta zo ta tsaya da ƙwarya a hannu, ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Shi yana can saman wuyan injin da gwangwanin giris, yana ganin komai. Jefa na farko ya kwashe baƙar ƙasa ya zubar. Na biyu ma haka. Daga nan sai ja, sai marmara, sai farin yumɓu, duk a kan tulin farko, domin inda wuyan ya kai nan yake zubarwa, ba ruwansa da wadda ke haifar da abinci. Kafin la'asar ƙasar da kakanninta suka noma tana ƙarƙashin tudu.

"Ba ƙarya suka yi mata ba, Jibril. Ƙasarta na nan. Sai dai ba mai iya kai hannu gare ta. Ni na shafa wa abin nan mai don kada ya tsaya. Tun ran nan, in mutum ya yi mani magana mai daɗi, sai in ji ina neman inda ya zuba sauran."

Jibril ya ce Allah ya kyauta, ya tashi. Baƙo ya ɗauka maganar ta shiga.

Bayan kwana tara ya tarar da turaku masu jan fenti an kafa a gefen albasarsu. Yatsa ɗaya kamfanin yake nema a takardar yarda daga kowane gandu, kuma Jibril ya dangwala nasa. Baƙo bai je ya yi faɗa ba. Baƙin cikin ya fi ƙarfin faɗa. Ya daina cin tuwon da ake kawowa daga gidan ƙanensa, in sun haɗu a hanya ya amsa gaisuwa da ka.

Da injin ya iso sai ga katafila ce ruwan ɗorawa, irin wadda ake gani wajen gyaran titi, a bayan tirela. Gari ya fito kallo. Masu tsokana suka samu abin yi. "Baba Baƙo, wannan ne dodon? Ai ko rumbunka ya fi shi." Baƙo ya wuce su. Ya je ya tsaya inda za a fara, gonar mai unguwa, hannuwansa a baya. Ƙanƙantar injin ba ta kwantar masa da hankali ba, shi tulin yake jira ya gani. Bokiti na farko baƙa. Na biyu baƙa. Wajen na goma ja ta fito, direban ya juya ya zuba ta a kan baƙar, ya koma ɗibar wata. Mutane na ta tafi suna yaba ƙarfin inji.

Baƙo ya auna da ido. A yadda suke ci, kwana goma sha biyu za su iso gandunsu.

Tun daga ranar ya ɗaura wa jakinsa mangala. Yakan sare baƙar ƙasar fadamarsu da shebur, zurfin taƙi biyu, ya cika mangala, ya kora jakin zuwa wani fako mai tsakuwa da ke bayan gidansa, ya juye, ya dawo. Mutum mai shekara saba'in, sawu goma sha biyar a yini, wata rana ashirin. Gari ya ce to, yau kam zargi ya taɓa ƙwaƙwalwa, Baƙo na satar gonarsa da kansa. Kulu ta ji kunya kwana biyu, a na uku ta ɗauki daro ta bi shi.

A rana ta bakwai Jibril ya zo. Ya biyo ta gonakin da aka riga aka ci, ta gefen ramin da ya fi tsayin mutum uku, gefensa a tsaye, da jajayen tuddai inda a da rake yake. Ya tsaya a bayan yayansa bai yi sallama da ƙarfi ba.

"Yaya, ba ni shebur ɗin."

Baƙo ya ɗago ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Injiniyan ne ya ce ka zo ka ga ko ina ɗibar mashi ma'adini?"

"Ba kowa, Yaya. Na dai bi ta can ne."

Ya ƙara dubansa, ya daɗe, sannan ya miƙa masa. Suka yi kwana biyar suna aiki tare, ɗaya na sara ɗaya na kora jaki, ba mai maganar yatsa, ba mai maganar dam.

Ranar da katafila ta shiga gandunsu Baƙo bai je kallo ba. Yana bayan gida da manjagara yana baje abin da suka kwaso, yana jin rurin injin daga nesa. Da ya gama sai ya taka shi ya auna: taku goma sha huɗu a tsaye, tara a kwance. Jibril na tsugune a gefe, kansa a ƙasa. Kulu ta fito da ruwa a moɗa, ta dubi ɗan baƙin filin nan a tsakiyar tsakuwa, ta dubi mazan biyu.

"Maigida, iyakarta ke nan?"

Baƙo ya karɓi ruwan ya sha, ya miƙa wa ƙanensa sauran.

"Fadamar ke nan," ya ce. "Gida biyu za ta ciyar. Jibril, gobe ka zo da irin albasa."